Jirgin Da Aka Ce Ba Ya Ruɓa: Tarihin Jiragen Faiba Da Masu Farfaɗo Da Su

Gabatarwa

A watan Oktoba na shekarar 1972, a cikin fadamun jihar Luwiziyana ta ƙasar Amurka, wani gwanin tuƙi mai suna Jerry Comeaux ya taso da wani ɗan ƙaramin jirgin ruwa a guje, ya hau wani tudun katako da aka kafa a bakin gaɓa, jirgin ya tashi sama ya tsallake titin mota ɗungurungum, sa'an nan ya faɗa ruwan da ke ɗaya gefen. Da aka auna sai aka tarar ya yi tsallen ƙafa 110. An yi wannan kasada ne domin fim ɗin James Bond mai suna Live and Let Die, wanda aka fitar a 1973, wanda kuma da yawa daga cikinmu suka kalla, ko dai a silima ko kuwa a kaset ɗin bidiyo. Jirgin ƙirar kamfanin Glastron ne, samfurin GT-150, tsawonsa kimanin ƙafa 15, an kuma rataya masa injin Evinrude mai ƙarfin doki 135. Jirage 26 kamfanin ya tanadar wa masu shirya fim ɗin, 17 daga ciki suka farfashe wajen gwaji.

Abin da ya ja hankalinmu, mu da sana'armu alƙalami ce, shi ne makomar wannan jirgi. Ian Fleming, marubucin da ya ƙirƙiro James Bond, ya fitar da littafin a 1954, ya kuma rasu a 1964, babu ma wannan tsere na jirage a cikin littafin nasa. Amma da masoya rubutunsa suka kafa gidauniya da sunansa a 1992, sai ga shi sun ɓuge da tattara motoci da jiragen da aka yi amfani da su a finafinan suna gyarawa, har da wannan ɗan jirgi mai tsalle, wanda aka riƙa nunawa a wuraren baje kolin kayan tarihi a Ingila.

To, shi wannan jirgi ya taki sa'a, domin yana da suna. Dubban 'yan'uwansa da aka ƙera tsakanin 1950 da 1980 suna nan yashe a bayan gidaje da bakin tafkuna a Amurka da Turai, ciyawa ta tsiro a cikinsu. Wasu mutane ƙalilan ne ke jawo su ɗaya bayan ɗaya suna farfaɗo da su. A wannan maƙala za mu bi tarihin waɗannan jirage, mu ga alkawarin da aka sayar da su a kansa, watau cewa ba sa ruɓa, mu kuma ga abin da masu gyara suka tarar a lokacin da suka buɗe cikinsu.

Kafin Zuwan Faiba

Har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa da katako ake yin sa. Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne kamfanin Chris-Craft na garin Algonac a jihar Mishigan, wanda Christopher Columbus Smith da 'ya'yansa suka kafa. Jiragensa na wani jan katako ne mai kama da maɗaci, a goge shi a shafa masa banish har mutum ya ga fuskarsa a jiki. Ta ɓangaren inji kuwa, wani ɗan asalin ƙasar Norwe mazaunin birnin Milwaukee, mai suna Ole Evinrude, ya fara sayar da injin da ake ratayawa a bayan jirgi a 1909, wanda shi ne kakan injunan da muke gani yau a bayan kwalekwale a kogunanmu.

Sai dai jirgin katako kamar doki ne, sai mai iya ɗawainiyarsa. Duk shekara tilas a kankare tsohon fenti, a toshe tsakanin falankai, a sake shafa banish. In ya daɗe a tudu katakon ya bushe ya tsattsage, in ya daɗe a ruwa ya sha laima ya fara ruɓa. Ƙera shi ma sai ƙwararren kafinta, wanda ya yi shekaru yana koyo. Saboda haka galibi masu hannu da shuni ne ke mallakarsa, ma'aikacin masana'anta kuwa sai dai ya yi kallo daga gaɓa.

Yadda Aka Samo Faiba

Abin da muke kira faiba haɗin abubuwa biyu ne: zaren gilashi, da wani irin ƙaro na masana'anta wanda ke daskarewa ya zama kamar dutse. Shi zaren, tarihi ya nuna cewa a 1932 wani matashin mai bincike a kamfanin Owens-Illinois, mai suna Dale Kleist, yana ƙoƙarin liƙe wasu tubalan gilashi, sai iska mai ƙarfi ta bugi narkakken gilashin ta mayar da shi siraran zaruruwa. Shugabansa a wurin aiki, Games Slayter, ya gane amfanin abin, suka inganta hanyar yin sa, har aka kai ga kafa kamfanin Owens-Corning Fiberglas a 1938. Da farko ana cusa zaren ne a bangon gidaje don tsare sanyi da zafi.

Zare shi kaɗai ba ya tsayuwa, sai an sami abin da zai riƙe shi. A 1942 kamfanin American Cyanamid ya fitar da ƙaron poliyasta wanda shi ne tushen wanda ake amfani da shi har yau. Lokacin ana tsakiyar yaƙi, sojoji suka yi amfani da wannan haɗi wajen rufe na'urorin hangen nesa na jiragen sama, domin ba shi da nauyi, kuma ba ya tare saƙon na'urar kamar yadda ƙarfe ke yi. Mafi yawan masu rubuta tarihin wannan sana'a suna danganta jirgin ruwan faiba na farko ga Ray Greene, mutumin birnin Toledo a jihar Ohayo, wanda ya ƙera shi a cikin wannan shekara ta 1942.

Shekarun Ganiya

Da yaƙi ya ƙare a 1945, sojoji suka koma gida, albashi ya kyautata, aka gina madatsun ruwa da manyan hanyoyi, sai talakan Amurka ya fara sha'awar fita tafki da iyalinsa ranar hutu. Faiba ta zo daidai kan gaɓa. A 1947 Bill Tritt ya fara ƙera jirage a garin Costa Mesa na jihar Kalifoniya, aikin da ya zama kamfanin Glasspar. A 1953 kamfanin Chevrolet ya fitar da motar Corvette da jikin faiba, abin da ya ƙara wa jama'a amincewa da wannan sabon abu. A 1956 Bob Hammond da abokansa suka kafa Glastron a birnin Austin na jihar Tekzas. Bayan waɗannan manya, ƙananan kamfanoni barkatai suka ɓullo, domin duk wanda ya mallaki rumfa da gangar ƙaro da mazubi guda yana iya kiran kansa maƙerin jirgi. Da yawansu ba su yi shekara goma ba suka mutu.

Da yake faiba tana karɓar kowace irin siffa, sai maƙera suka shiga kwaikwayon motocin zamanin. Aka riƙa yi wa jirage fukafukai a baya irin na motar Cadillac, da gilashin gaba mai lanƙwasa, da launi biyu, ja da fari ko shuɗi da fari. Wasu kuma suka mai da hankali ga ƙarfi da aminci. A 1958 Dick Fisher, tare da mai zanen jirage Raymond Hunt, ya fitar da Boston Whaler mai ƙafa 13, wanda aka cika tsakanin fatarsa ta waje da ta ciki da kumfa mai daskarewa. A 1961 mujallar Life ta buga hotonsa yana zaune a cikin jirgin ana yanka shi gida biyu da zarto, bai nutse ba. A 1960 Willis Slane, mai masana'antar safa a garin High Point, ya saka jirgin faiba mai ƙafa 41 a ruwa, ya raɗa masa suna Knit Wits, wanda shi ne farkon jiragen kamfanin Hatteras. A wannan shekara dai, jirgin katako na Richard Bertram mai suna Moppie ya ci tseren teku daga Miami zuwa Nassau, sai aka ɗauki siffar jikinsa aka yi mazubi, aka fara fitar da Bertram 31 na faiba a 1961.

Masu son katako ba su ji daɗin wannan sauyi ba. An ce shahararren mai zanen jirage L. Francis Herreshoff ya kamanta faiba da daskararriyar majina. Amma kasuwa ta riga ta yanke hukunci. A 1971 Chris-Craft da kansa ya ƙera jirginsa na katako na ƙarshe. Abin da ya ci wannan yaƙi kuwa shi ne kalma guda da 'yan talla suka yi ta nanatawa: jirgin faiba ba ya ruɓa, ba ya son fenti, wanke shi kawai za ka yi ka ajiye.

Abin Da Ke Ƙarƙashin Fata

Domin mai karatu ya gane inda gizo ke saƙa, ya kamata mu bayyana yadda ake ƙera irin wannan jirgi. Ana farawa ne da mazubi mai siffar jirgin, kamar dai yadda mai buga bulo ke da nasa. A shafa wa cikinsa kaki don kada abin ya manne. Sa'an nan a fesa wani ƙaro mai launi da ake kira jelkot, wanda shi ne zai zama fatar waje mai sheƙi. Watau ke nan launi ne farkon abin da ake sawa, saɓanin jirgin katako da fenti ke zuwa a ƙarshe. Bayan haka sai a shimfiɗa tabarmar zaren gilashi, a jiƙa ta da ƙaron da aka gauraya da maganin daskarewa, a murje ta don fitar da iska, a ƙara wata a kai, har kauri ya isa. Daga baya aka ƙirƙiro wata bindigar feshi mai daddatsa zaren tana watsa shi tare da ƙaro, wadda ta sa aikin ya yi sauri, amma kaurin ya dogara ga hannun mai feshin. In abin ya daskare sai a zare shi daga mazubi, a sake zuba wani.

Matsalar ita ce, faiba tana da ƙarfi amma tana lanƙwasa. Jirgin da zai ɗauki inji mai nauyi, ya riƙa dukan igiyar ruwa a guje, tilas a sama masa abin da zai tsayar da shi. Abu mafi arha da maƙera suka sani kuwa shi ne katako. Saboda haka bangon baya, inda ake rataya inji, sai a cusa masa fala-falan katakon nan da kafintoci ke kira filawud, mai kaurin kimanin inci ɗaya da rabi. A ƙasan jirgin kuma a shimfiɗa dogayen katakai daga gaba zuwa baya, waɗanda za mu iya kira azarar jirgi, domin aikinsu ɗaya da na azara a rufin soro. A kansu a ɗora daɓen filawud. Duka waɗannan sai a lulluɓe su da siririyar faiba, a shimfiɗa darduma a kai, mai saye bai ga komai ba sai sheƙi.

Ruwa kuwa ba ya rasa hanya. Yana shiga ta ramin kusoshin inji, da ta ramin tsiyayar da ruwa, da ta duk inda aka ɗaura kujera da sukurori ba a liƙe ba. In ya shiga ba ya fita, domin faibar da aka lulluɓe katakon da ita ta hana shi shan iska. Sai katakon ya zauna cikin laima shekara da shekaru, funfuna ta cinye shi. A ƙasashen sanyi kuma ruwan kan daskare ya kumbura, ya ƙara tsaga wurin. Jirgin katako in ya fara ruɓa mai shi yana gani da idonsa, ya canja falankin. Na faiba kuwa kyan ɗan maciji ne, yana iya sheƙi a waje alhali bangon da ke riƙe da injinsa ya zama dusa.

Akwai wasu cututtukan da shekaru suka tono. Bayan dokar kiyaye lafiyar jirage da majalisar Amurka ta yi a 1971, an tilasta wa maƙera su sa abin da zai hana jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba nutsewa, sai aka riƙa zuba kumfa a ƙarƙashin daɓe. Dokar ta ceci rayuka, amma kumfar in ta tsufa takan sha ruwa kamar soso, ta riƙe shi a jikin azara. Haka nan jiragen da ke kwana a ruwa sukan yi ƙuraje a ƙasansu, saboda ruwa na ratsa jelkot a hankali ya taru a ƙananan ramukan da ke cikin faibar. Sa'an nan a tsakiyar shekarun 2000, da aka yawaita gauraya fetur da kashi 10 cikin 100 na sinadarin itanol a Amurka, sai aka tarar yana narkar da tankunan mai na faiba da ke cikin wasu tsofaffin jirage, narkakken ƙaron ya bi mai ya lalata inji.

Aikin Farfaɗowa

Mai son farfaɗo da tsohon jirgi yakan fara ne da bincike irin na ɗan tarihi. Tun daga watan Nuwamba na 1972 doka ta wajabta a buga wa kowane jirgi lamba mai harufa da alƙaluma 12 a bangon baya, wadda ke nuna kamfani da lokacin ƙira. Wanda ya girmi wannan shekara kuwa sai an koma ga tsofaffin takardun talla da hotuna kafin a gane samfurinsa. Daga nan sai a ɗauki ƙaramar guduma a bi bangon baya da daɓe ana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen wuri yana ba da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar an bugi buhun gari. Akan danna ƙafar inji a ga ko bangon zai motsa, a kuma huda ɗan rami daga ciki a duba garin da ya fito, in fari ne busasshe to da sauran rai, in baƙi ne jiƙaƙƙe to aiki ya samu. Wasu ma sukan kai jirgin kan sikeli su gwada nauyinsa da wanda kamfani ya rubuta, bambancin shi ne ruwan da kumfa ta sha.

In an tabbatar da ɓarna, sai a kafa wa jirgin gadon katako da zai tallafe shi ta ko'ina, domin da zarar an cire azara jikin yakan saki, in kuma ya karkace aka liƙe shi a haka, to ba zai sake tafiya daidai a ruwa ba. Sau da yawa tilas a raba jirgin gida biyu, a cire robar da ta kewaye bakinsa, a kwance kusoshi, a ɗage rufin sama gaba ɗaya. Sa'an nan a yanke daɓe, a haƙe kumfa, a kwashe ruɓaɓɓen katako, a bi wurin da injin gurza har sai lafiyayyar faiba ta bayyana. Duk wanda ya yi wannan aiki yakan ce nan ne wahalar take, domin ƙurar gilashi ta fi ƙaiƙayin gero shiga jiki, tana kuma cutar da huhu, saboda haka tilas a rufe hanci da ido da dukan jiki.

Bayan rushewa sai gini. A yanka kwali daidai siffar bangon baya, a ɗora shi a kan sabon filawud irin wanda aka yi don ruwa, a yanka, a shafe shi da ƙaro ta kowace fuska, a manna, a ɗaure shi da maƙalai har ya kama, kana a lulluɓe shi da zare hawa-hawa ana haɗa shi da jikin jirgin. Haka za a yi wa azara da daɓe. A nan akwai zaɓi tsakanin ƙaron ifoksi, wanda ya fi kama tsohon jiki ya kuma fi tsare ruwa, da poliyasta mai arha wanda jelkot ya fi zama a kansa. Masu gyara sun kuma koyi darasi daga kuskuren magabata: duk ramin da za a huda, sai a faɗaɗa shi, a cika shi da ƙaro, in ya daskare a sake huda ƙarami a tsakiya, yadda kusa ba za ta taɓa katako ba.

Fatar waje ita ce ta fi sauƙin ba da lada. Rana takan sa jelkot ya koɗe ya yi fari kamar alli, amma in da sauran kauri, a goge shi da samfefa mai laushi ana zuba ruwa, a bi shi da man gogewa, sai launin shekara 60 ya dawo. Inda aka yi faci ne ake shan wuya, domin sabon launi ba ya dacewa da wanda ya sha rana. Inji ma yana da nasa labarin. Galibin na wancan zamani irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai ne, masu sauƙin kwancewa, amma kamfanin OMC mai yin Evinrude da Johnson ya durƙushe a shekarar 2000, sabon mai shi kuma ya daina ƙera Evinrude a 2020. Abin da ya fi wuyar samu shi ne gilashin gaba mai lanƙwasa da tambarin ƙarfe na kamfanin da ya mutu tuntuni, har mutum yakan sayi wani mataccen jirgin sukutum saboda waɗannan kaɗai.

Gardamar Masu Gyara

Akwai tambayar da ke raba kan masu wannan aiki. Shin a mayar da jirgi yadda ya fito daga kamfani, har da katakon da ya jawo masa ciwo, ko kuwa a sa masa allunan roba na zamani waɗanda ruwa ba ya ci? Wanda ya taɓa juya tsohon rubutun ajami zuwa boko ya san irin wannan tsaka-mai-wuya, in ya ci karo da kuskuren mai kwafi: ya gyara ya ɓata amana, ya bari ya yaɗa kuskure. Yawancin masu gyara sun tsaya a tsakiya. Abin da ido ke gani, kamar launi da kujeru da tambari, sukan bar shi yadda yake a asali, abin da ke ɓoye kuma rai ya dogara a kansa sukan inganta shi. Masu kula daga cikinsu sukan ɗauki hoton kowane mataki su ajiye, domin wanda zai gaji jirgin ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. A ganinmu wannan ita ce hanya mafi adalci, domin abin da ya cuci masu sayen farko shi ne rashin sanin abin da aka rufe.

Ta fuskar kuɗi, aikin ba riba gare shi ba, domin sau da yawa abin da mutum zai kashe ya fi abin da zai samu in ya sayar. Daraja ma ba ta zo da wuri ba. Ƙungiyar masu tsofaffin jirage ta Antique and Classic Boat Society, wadda aka kafa a 1975, jiragen katako ne suka mamaye bukukuwanta na farko, sai a hankali na faiba suka sami wurin zama. Amma masu yi suna da dalilinsu. Wani jirgin mahaifinsa ne, a cikinsa ya koyi kamun kifi. Wani kuma ya lura cewa jiragen jan katako tarihin attajirai suke ɗauke da shi, waɗannan masu fukafukai kuwa su ne shaidar lokacin da leburan masana'anta ya fara samun hutu da abin more shi.

Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan nauyi. Rabin alkawarin 'yan talla gaskiya ne, fatar faiba ba ta ruɓa. Jirgin katako in ya mutu yakan koma ƙasa, na ƙarfe a narkar da shi, amma ƙaron faiba in ya daskare ba ya sake narkewa. Saboda haka mataccen jirgi sai dai a farfasa shi a binne a juji, ko a niƙa shi a zuba a tanderun siminti, ko kuwa mai shi ya gudu ya bar shi a bakin ruwa yana marmashewa. Abin ya kai ga ƙasar Faransa ta kafa tsari na musamman a 2019 don karɓar tsofaffin jiragen shaƙatawa ana wargaza su. Duk jirgin da aka farfaɗo da shi, an rage wa juji kaya guda ke nan.

Mu Da Kogunanmu

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan biri da gada, mu da ba mu da jiragen shaƙatawa? Amsar tana kogin Kwara. A watan Mayu na 2021 jirgi ya kife da fasinjoji kusa da Warra a jihar Kabi, aka yi asarar rayuka masu yawa. A watan Yuni na 2023 mutum fiye da 100 suka rasu a yankin Patigi suna dawowa daga ɗaurin aure. Bayan irin waɗannan masifu an sha jin jami'an gwamnati suna kira da a sauya tsofaffin jiragen katako da na faiba. Ba mu ƙi wannan shawara ba, domin jirgin faiba mai kumfa a ciki yana iya ci gaba da yawo a kan ruwa ko da ya cika. Sai dai tarihin da muka kawo yana nuna cewa akwai tambayoyin da ya kamata a yi tun kafin a biya kuɗi. Me aka sa a cikin bangon baya da ƙarƙashin daɓe? Wa zai riƙa duba su bayan shekara biyar ko goma? An koya wa masu tuƙi da kafintocin bakin kogi yadda ake facin faiba? In jirgin ya ƙare aiki, ina za a kai shi? Sarkawan Yawuri sun gaji sanin katako kaka da kakanni, suna gane ruɓa da ido da hannu. In aka miƙa musu jirgin da ke ɓoye ciwonsa, aka ce musu ba ya lalacewa, to an maimaita musu tallar da aka yi wa Amurkawa shekara 70 da suka wuce. Kuma ko wane irin jirgi ne, lodin da ya wuce kima da tafiyar dare da rashin rigar ruwa suna nan suna jira.

Kammalawa

Mun ga yadda faiba ta fito daga ɗakin bincike a 1932, ta shiga ruwa a 1942, ta kori katako daga kasuwa cikin shekara 30, alhali katakon yana nan ɓoye a cikinta. Waɗanda suka tono wannan gaskiya su ne masu gyara, da guduma da zarto, domin takardun talla ba su faɗe ta ba. Muna kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, da su lura cewa kayan aikin talaka ma suna da tarihin da ya cancanci alƙalami. Maƙeran jiragen katako na Yawuri da Lakwaja da Baga suna raye, suna kuma kan irin gaɓar da kafintocin Algonac suka tsaya a kai kafin 1971. Wanda ke da hali ya je ya zauna da su, ya rubuta sunayen itatuwan da suke sara, da yadda suke auna jirgi, da abin da suke toshe kafa da shi, ya aiko wa wannan mujalla. Allah ya kiyaye matafiyanmu na ruwa da na tudu, amin.